Tiren da Tsoho Ya Hana a Raba

Bari in fara da laifina, tunda duk gidanmu an riga an sani, har kaji ma sun ji labari. Ranar sadakar uku ta kakana, ni ne na zuba wa ɗalibansa abinci a kwano uku.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne a ciki, mutum uku, kwano uku. Ni ma haka na gani. Na leƙa zaure na tarar da su kamar ba su taɓa sanin juna ba: ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya can ƙurya, na ukun ma waje ya fita ya zauna gindin darbejiya. Sai na shiga ciki na ce wa Gwaggo ta zuba mini kashi uku. Ina fitowa na bi ta ƙofar ɗakin Inna, kakata, wadda kwananta uku ke nan cikin takaba. Labulen a ɗage yake kaɗan.

"Maigida, wa za ka kai wa?" in ji ta. Haka take kirana tun ina rarrafe.

"Yaran Tsoho ne, su ukun nan."

Ta bi kwanukan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Har an raba?"

Ta tura kofin kokon da ke gabanta gefe, ta juya fuskarta ga bango. A nan tsaye na gane abin da na yi, ga kwanuka suna ƙona mini hannu.

Jama'ar da ta zo mana gaisuwa iri biyu ce, kuma kowane ɓangare yana mamakin ɗayan. Akwai masu manyan motoci daga jami'ar da ya yi shekaru yana koyarwa. Na ƙirga tabarau ya kai dubu. To, in an bi gaskiya, goma sha wani abu ne. Su cewa suke yi an yi rashin Farfesa. Akwai kuma manoma daga Ƙarfi da Tsiga da Gozaki, a kan babura da kekuna, wasu da taɓo a ƙafa don lokacin shuka ne. Su ba su san wani Farfesa ba, Malam suka sani. Wani dattijo ya riƙe hannun Babana ya ƙi saki.

"Shekara nawa ina yawon asibiti," in ji shi, "ba wanda ya taɓa tambayata ko ina samun barci, sai mahaifinka."

Wani mai tabarau da ke kusa ya cire nasa ya goge ido da hannun riga. "Mu ma da wannan tambayar yake buɗe mana darasi," ya ce.

Ni kuwa kakan nan nawa, Tsoho nake ce masa. Shi kuma ɓarawon mata yake ce mini, wai ba abin da ya kawo ni duniya sai in ƙwace masa Inna. Shekarata goma sha shida, kuma ban tuna ranar da muka gaisa kamar mutanen kirki ba. In na ce, "Tsoho, har yanzu kana nan?" sai ya ce, "Ina nan, kai ne dai har yanzu ba ka yi gemu ba." Ina rubuta wannan ne don kada shekara biyu ta wuce a ce ai wani mai karatu ne ya taɓa zama a gidan nan, shi ke nan.

Da fari likita ne. Daga baya ya koma horar da masu bincike, wato mutanen da suka gama digiri amma karatu bai ishe su ba. Abu ɗaya ne ya dame shi duk rayuwarsa. A jami'a, masu nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna gininsu. Masu nazarin garkuwar jiki suna nasu. Masu nazarin sinadaran da jiki ke aikawa ta cikin jini, waɗanda shi yake kira 'yan aike, suna can wani ginin daban.

"Kowa da ƙofarsa da makullinsa," yakan ce. "Amma ni mara lafiya bai taɓa zo mini gunduwa-gunduwa ba. Gaba ɗayansa yake shigowa."

Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya kama noman masara da dawa. Amma ba a daina turo masa ɗalibai ba. Sai ya kafa doka. Ba ya karɓar ɗalibi ɗaya. Uku yake karɓa, ɗaya daga kowane gini. Kuma duk ranar da suka zo, a tire ɗaya za su ci abinci. In mata ne, a tsakar gida tare da Inna. In maza ne, a zaure. Tiren wani tsohon abu ne na silba, mai lanƙwasa a baki ɗaya, faɗinsa ya isa a yi wa akuya wanka a ciki. An taɓa kawo wani ɗalibi da ya ce shi da cokali ya saba kuma a kwanonsa. Tsoho ya ce, "Madalla. Motar Funtuwa tana wucewa da la'asar."

Na ƙarshen da ya karɓa su ne waɗannan ukun, kuma ni na raɗa musu suna. Mai karatun ƙwaƙwalwa na kira shi Jijiya. Ɗan Ƙarfi ne, dogo, ba ya magana sai ya yi tunanin rabin yini. Mai karatun garkuwar jiki na kira shi Garkuwa. Kirista ne, iyayensa 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtuwa aka haife shi, kuma in ya zage ka da Hausa sai ka je gida an fassara maka. Na ukun shi ne Ɗan Aike, ɗan Maguzawan wajen Gozaki, wanda ya fi kowa iya riƙe fartanya kuma ya fi kowa loma. Ranar farko sun zauna gaban tiren nan kamar an ajiye musu maciji. Kafin damina ta fita har faɗa suke yi a kan tsokar nama.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Wani manomi maƙwabcinmu ya zo da rauni a ƙafa, fartanya ce ta sare shi, kuma an yi makonni ya ƙi warkewa. Tsoho ya sa aka wanke, aka ɗaure, ya rubuta masa magani. Sannan ya juya ga ɗalibai ya ce su faɗi abin da suka gani. Garkuwa ya yi bayani a kan ƙwayoyin cuta. Ɗan Aike ya ce a gwada jininsa ko akwai ciwon suga. Jijiya ya ce a duba ko ƙafar tana jin taɓi. Tsoho ya gyaɗa kai.

"Duk ku yi, duk daidai ne. Amma wa ya tambaye shi ina shanunsa na huɗa?"

Ba wanda ya tambaya. Ashe ɓarayi sun kore su tun kafin ruwan farko. Mutumin yana kallon gonakin mutane suna yin kore, tasa tana kwance. Ya ce rabonsa da barcin kirki tun ranar. Tsoho ya ce wa ɗaliban, "Damuwa ba ita ta sare shi ba, kuma lallashi ba zai kashe ƙwayar cuta ba. Amma jikin da yake kwana a tsorace, ba ya gyaran rauni da sauri. Ku ukun nan, ku nemo mini hanyar da saƙon yake bi daga kansa zuwa ƙafarsa." Washegari da sassafe shanun Tsoho ne a gonar mutumin. Tamu gonar sai da ta jira kwana biyu, Babana yana ta ƙunƙuni.

Jarrabawar Tsoho kuwa ba a takarda ake yi ba, kuma ba shi yake yin ta ba. Inna ce. Inna ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Duk ranar Asabar sai ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne, da ɗan kwanonta a gaba, ɗalibai su shimfiɗa tabarma. Kowa zai yi mata bayanin aikin ɗan'uwansa, ba nasa ba, kuma da Hausa zalla. Wanda ya saki kalmar Turanci ya koma farko. In ta ce, "Na gane," sun ci. In ta ce, "Ban gane ba," sai wata Asabar.

Na taɓa ganin Jijiya yana gumi kamar mai dakan dawa, yana neman yadda zai faɗi aikin Garkuwa.

"Inna, akwai wasu sojoji a cikin jini."

"Wa yake ciyar da su?"

"Jikin ne."

"To wa yake gaya musu yau a fita, gobe a zauna?"

Jijiya ya dubi Ɗan Aike, Ɗan Aike ya dubi sama. Tsoho yana gefe yana dariya ƙasa-ƙasa. "Tambayar da na yi shekara talatin ina bi ke nan," ya ce, "ita kuma ta yi ta tana tsince wake."

Ba zan ce ba shi da aibi ba, don in na ce haka shi da kansa zai ƙaryata ni. Yana da taurin kai kamar jakin da ya ga gada. Kuma abin da yake gaya wa mutane, shi ba ya yi. Faɗansu da Inna kullum a kan haka ne.

"Kai mai tambayar mutane barci, Malam, naka yana ina? Ka ce damuwa tana cin jiki, ga ka nan ka ɗora damuwar gari guda a kai."

"Ni na saba."

"Jikin ma ya saba? Ko shi ba ya cikin karatun?"

Sai ya yi shiru ya ɗauki hularsa. Ita kaɗai ce take sa shi yin shiru.

Ana saura 'yan makonni ya rasu, muna bakin gona ni da shi, yana zaune a kan kunya yana kallon masu shuka. Ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Ɓarawon mata, in na riga ta tafiya, kada ka bari ta ci abinci ita kaɗai. Mace mai takaba ana cika mata ɗaki kwana bakwai, sannan kowa ya watse. Daga nan ne ciwo yake samun ƙofa."

Ni kuwa da bakina na ce, "Ai dama jira nake ka ba ni wuri."

Ya yi dariya har da tari. Da na san saura kwana nawa, da na nemi wata amsar.

A daidai lokacin ne ɗaliban suka ɓata. Sun gama rubuta aikinsu na haɗin gwiwa, sai rigima ta tashi a kan sunan wa zai zo farko. Garkuwa ya ce shi ya fi daɗewa a ɗakin gwaji. Ɗan Aike ya ce ba don shi ba, ba manomin da zai buɗe musu ƙofa. Jijiya kuwa ya daina ɗaga waya kawai. Tsoho ya ce su zo ranar Asabar a zauna. Ranar Lahadi zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi asibiti a Funtuwa. Ranar Laraba da hantsi ya cika. Asabar ɗin da ya sa musu, ita ce ranar da na zuba musu abinci a kwano uku.

Bayan an yi bakwai gida ya watse, kamar yadda ya faɗa. Inna kuwa ta ƙi abinci. In an kai tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Koko sai ta kurɓa sau biyu don a ƙyale ta. Bakinta ya fashe, zazzaɓi yana zuwa yana komawa, zanenta ya fara yi mata yawa. Gwaggo ta yi lallashi, Babana ya yi roƙo har da hawaye. Ni na shiga da sana'ata. Na kwaikwayi tafiyar liman. Na kwaikwayi yadda Gwaggo take ciniki. Na ce mata in ba ta ci ba zan sake ta in auri mai ƙosai ta bakin tasha. Da can wannan maganar tana sa ta jefe ni da mafici. Yanzu sai ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya," ta rufe ido. A ranar na fita bayan gida na yi kuka, ni da ban yi ba ko a maƙabarta.

Sai na yi abin da na fi iyawa. Na ɗauki waya na kira Garkuwa na ce sauran biyun sun riga sun yi alkawarin zuwa Asabar, shi kaɗai ake jira. Na kira Ɗan Aike na faɗa masa haka. Jijiya bai ɗaga ba, sai na tura masa saƙo cewa Inna ba ta gane mutane. Wannan ƙarya ce, Allah ya yafe mini. Shi ya riga kowa isowa, a kan ɗan acaba, ko hula babu.

Da suka haɗu a zaure suka gane abin da na yi. Garkuwa ya ce, "Kai yaron nan, in ka girma ko dillalin shanu ko ɗan siyasa." Na shiga na ɗauko tiren daga bayan randa, na wanke shi da toka har sau biyu, Gwaggo ta malmala tuwon masara da miyar kuɓewa. Babana ya ce su shigo, ai 'ya'yan gida ne. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, labule a sake, na ajiye tiren a tsakiya. Suka tsaya suna kallonsa. Ɗan Aike ne ya fara tsugunnawa ya wanke hannu.

"Inna, mun zo jarrabawa," ya ce.

Can muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa. "Wace jarrabawa? Mai makarantar ya tafi."

"Shi koyarwa yake yi, Inna. Sakamako a hannunki yake, kuma namu bai fito ba."

Sannan ta ce, "To ku gaya mini abin da yake damuna. Ban da Turanci."

Garkuwa ya buɗe baki zai fara da garkuwa, ta katse shi. "Ba naka ba."

Ya saci kallon Jijiya. "Inna, ƙwaƙwalwarki ta yi shekara hamsin tana jin tarin mutum ɗaya da asuba. Yanzu tana saurare ba ta ji. Sai ta ɗauka akwai hatsari, ta ƙi kwanciya."

Jijiya ya karɓa, a hankali kamar kullum. "In ƙwaƙwalwa ta ƙi kwanciya, sai ta yi ta tura 'yan aike cikin jini, suna cewa a zauna cikin shiri. Na kwana ɗaya abin yana da amfani. In ya yi makonni, barci ya gudu, ciki ya rufe."

Ɗan Aike ya ce, "Sojojin jini kuwa in aka yi ta buga musu gangar da ba yaƙi, ga ba abinci, sai su rikice. Ciwon da da suke korewa tun a bakin ƙofa sai ya shigo. Su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa cewa a kwanta, kada a ci komai. Haka abin yake ta zagayawa." Muryarsa ta karye a nan. "Malam ya ce ba a tare shi ta gefe ɗaya."

Na ji tana jan hanci a bayan labule. Su ukun ma kowa ya sunkuyar da kai a kan tiren.

"Ban gane ba," in ji Inna. "Sai wata Asabar." Can kuma ta ce, "Maigida, ɗebo mini ta gefen nan in ji ko Gwaggonka ta cika gishiri."

Na ɗeba a ɗan kwanonta, na shiga na zauna gabanta, muka sa hannu tare.

Washegari Garkuwa ya dage sai an kai ta asibiti, ya ce Malam ba zai yafe musu ba in suka tsaya a kan tuwo da hira. Liman ya ce lalura ce, takaba ba ta hana. Aka duba ta aka ba ta magani. Daga nan duk Asabar suna zuwa, duk Asabar tana cewa ba ta gane ba. Sauran kwana shida kuwa ni ne abokin cinta, safe da yamma, har na fara ƙiba ita tana tsakura.

Wata rana ina ba ta magani sai na ji tana yi wa Gwaggo bayanin abin nan kaf, daga ƙwaƙwalwa zuwa 'yan aike zuwa sojoji, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da Gwaggo ta fita na ce, "Inna, ashe kin gane."

"Tun kafin a haifi ubanka na gane. Wa kake tsammani Malam yake gwada darasinsa a kai?"

"To don me kike kayar da su?"

"In na ce na gane, Asabar mai zuwa wa zai zo?" Ta gyara mayafinta. "Kuma har yanzu ɗan Funtuwar nan ba ya kallon idon ɗan Gozaki in suna magana. Malam ba zai sallame su a haka ba."

Allah ya jiƙan Tsoho, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi barcin da ya yi ta nema wa mutane. In akwai wanda ya ɓata wa rai da bakinsa, ya yafe masa, bakin ne kawai.

Na yi ta yawo a gari ina cewa ranar da ɗaliban suka dawo Inna ta share rabin tire har ta nemi ƙari. Wasu ma na ce musu ta tashi ta yi shara. Yau zan faɗi yadda aka yi. Loma huɗu ta ci, ina kallo. Washegari ta ci biyar. Ta fita takaba da ƙafafunta, a rame, ta je ta ga gonarsa an karya masara. Ɗaliban sun miƙa aikinsu. Yadda suka jera sunayen ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ba ta taɓa ce musu ta gane ba.

Inna ta rasu bayan an yanke dawa, wata shida bayan Tsoho, da rana tsaka, hannunta yana cikin na Gwaggo. Ranar sadakar uku suka zo su ukun a mota ɗaya. Tire ɗaya na kai musu.